Kawu Mai Tsintar Goro da Saƙon da Ya Riƙe Kwana Tara

Ranar Asabar da hantsi labarin rasuwar Kawu ya iso Ajame, unguwarmu a birnin Abijan. Ina tsaye kan sauke albasa a bayan kasuwar Guro, wani direba da ya fito daga Tireshbil, unguwar su Kawu a ƙetaren gada, ya ja ni gefe ya faɗa mini. Na ce to. Na koma na ƙarasa sauke kamiyon, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

A mangazar goro, wato rumbun 'yan goro inda ya yi shekara talatin yana aiki, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Alhaji, maigidan mangazar, ya yi salati, ya buɗe baki zai ƙara da addu'ar da aka saba, sai ya tsaya, saboda Kawu Kirista ne. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Allah ne ya san bayinsa." Wani dillali ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai..." Wani tsoho mai ɗaurin huhu ya katse shi: "Sai dai me? Kai da babu sai-dai a kanka, wa ya taɓa ba ka ajiyar makulli?" Aka yi ta gardama ko ya halatta a je jana'izar. Ranar binnewa, waɗanda suka fi kowa cewa bai halatta ba su na fara gani a tashar bas. Suka ce rakiya kawai za su yi.

A Tireshbil matan gidan haya sun cika tsakar gida suna ta "yako, yako", gaisuwar mutuwa ta mutanen ƙasar nan. 'Yarsa, wadda aka haifa a nan, tana kuka da Faransanci. Mutanen majami'arsu suka yi waƙoƙinsu cikin ɗan ɗakin katako mai rufin kwano, mutanenmu na goro suka jeru a inuwar katanga daga waje. Da aka dawo daga maƙabarta, Alhaji ya miƙe ya yi abin da muke yi a gida. Ya ce, "Jama'a, zaman tare ne. Duk abin da ya yi muku, wanda ya sani da wanda bai sani ba, a yafe masa." Kowa ya ce, "Mun yafe." Tanti, matar Kawu, 'yar ƙasar nan ce amma Hausarta ta zauna, ta share ido da gefen zane ta ce, "Da yana jin ku, da ya tashi ya tambaye ku, me kuka yafe?" Har masu kuka sai da suka yi dariya.

Ni ban yi dariya ba, ban kuma ce na yafe ba. Shekara shida ke nan da ya roƙe ni gafarar wani abu, ya faɗi sunan abin, ni kuwa ban ba shi amsa ba har aka zuba masa ƙasa. Dalilin wannan rubutu ke nan. Ni ba mai ilimi ba ne, bokon da nake ja da shi ma Kawu ne ya koya mini a bayan kwalin sukari. Amma 'ya'yana ba su san shi sosai ba, kuma laifina ne, don haka gara in ajiye musu shi a takarda.

Yayan Innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, daga ƙauyenmu can bayan Maradi. Yana saurayi ciwon ƙafa ya kai shi asibitin mishan, ya yi wata biyar, ya dawo da ƙafa lafiya da kuma wani addini. Gida ya rikice. Ba a doke shi ba, an daina amsa sallamarsa ne kawai. Ranar da zai bar garin ya roƙi ruwa, Inna ta ba shi, lokacin tana budurwa. Da ya sha ya miƙa mata ƙwaryar, ta fasa ta a gabansa, don kada wani ya sake sha da ita. Wannan labari ban ji shi a gida ba. Daga bakinsa na ji, shi ma sai can baya.

Duk da haka, da na kai shekara ashirin gona ta ƙi, wurinsa Inna ta aiko ni, don ba mu da kowa a Abijan sai shi. Na sauka ina tsoron za a sa ni cin abin da ba na ci. Washegari ya fita ya dawo da buta da sabuwar tabarma, ya nuna mini gabas, ya ce, "Masallaci na layi na uku. In na ji ka bar salla, ni zan fara faɗa wa uwarka." Tanti ta ware mini tukunya. Shekara huɗu na yi a ɗakinsu, ina aiki tare da shi a mangaza, kafin in yi aure in koma Ajame, bai taɓa ce mini zo majami'a ba.

Aikinsa tsintar goro. Kafin a shimfiɗa ganyen fita a ɗaure huhu a aika arewa, sai an zauna an bi goron ɗaya bayan ɗaya an fitar da mai sankara, wato wanda tsutsa ta shiga. Kawu ba ya ko duban goron sosai. Ya juya shi a tafin hannu, ya ɗan matsa, ya jefa mai kyau dama, mai sankara hagu. Kullum da sassafe yana hawa bas daga Tireshbil, ya ƙetare gada, ya sauka tashar Indeniye ya ƙarasa da ƙafa, wai ƙafar da aka gyara masa ba don zama aka gyara ta ba.

Halinsa da ya fi damun mutane shi ne tambayar nan tasa. Kun san al'adarmu, in mutum zai tafi gida ko zai tafi Makka, sai ya zagaya yana cewa a yafe masa. Kowa na amsawa, "Ba ka yi mana komai ba, mu ma ka yafe mana." Ban da Kawu.

"Me ka yi mini?"

"Haba, ai ka san zaman tare."

"Ban sani ba. In ka san abin, faɗe shi, in yafe maka yanzun nan. In ba ka sani ba, Allah ya kai ka lafiya."

Yakan ce garin nan ya cika da "pardon" da "sabari", kalmomin ban haƙurin mutanen nan, mutum ya taka ka pardon, ya ci amanarka ma pardon, duka farashinsu ɗaya. Shi kuwa in ya yi nasa laifin, sai ya same ka a gaban mutane ya ce, "Jiya na yi maka tsawa don in nuna na fi ka sanin goro. Girman kai ne. Ka yafe mini wannan." Mutane har gudunsa suke yi, don kunyar ta fi tsawar ciwo.

Wata shekara sankara ta yi yawa. Alhaji ya ce a riƙa cusa waɗanda ake shakka a tsakiyar huhu, masu kyau a sama da ƙasa, kowa haka yake yi. Kawu ya ƙi. Magana ta yi zafi, ya ɗauki hularsa ya tafi gida. Mako guda Alhaji ya daure, sannan ya aika a kira shi, don masu saye a arewa sun san huhun da ya bi ta hannun Kawu. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, kan goron ban canza ba. Amma na kira ka azzalumi a gaban ma'aikatanka, na kuma ji daɗin faɗi, kwana uku ina maimaita shi a raina ina ƙara masa gishiri. Wannan nawa ne." Alhaji ya ce, "Don Allah zauna ka yi aikinka, ka ishe ni." Goron mai shakka kuwa ba a sake cusa shi ba.

Na taɓa tambayarsa, muna cin aceke, dambun rogon ƙasar nan, da kifi da rana. Na ce, "Kawu, ba ka sha, ba ka sata, ba ka bin mata. Wane zunubi ne kullum kake ta ambato?" Ya laluba cikin kwandon hagu ya ɗauko wani jan goro, mai sheƙi, wanda ni da hannuna zan kai wa suruki. Ya ɓare shi. Ciki baƙin gari ne da tsutsa.

Ya ce, "Mu abin da aka koya mana, zunubi ba abin da hannu ya aikata ba ne kaɗai. Da shi aka haife mu, a ciki yake tun kafin ya fito fata. Babu wanda ya tsira, har fasto. Ka wanke bayan goron nan sau goma, tsutsar ba ta san kana yi ba. Mun gaskata Yesu Almasihu ya ɗauki hukuncin a madadinmu, shi ya sa ba na tsoron a ɓare ni. Amma mutumin da ya ce shi lafiyarsa lau, me za a warkar masa? Sai ka yarda akwai, ka kira shi da sunansa."

Na ce ai mu ma muna da tuba, kuma malaminmu ya ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mutumin ya yafe. Ya ce, "Malaminku ya faɗi gaskiya. Kai ka taɓa zuwa wurin wani ka faɗa masa?" Na ci gaba da cin kifina.

Shekarar da fari ya ci arewa Inna ta rasu. Kawu ne ya faɗa mini, a mangaza, da safe. Ya ce wani direba ya kawo labari, an riga an binne ta. Ya yi kuka fiye da ni. Na ce a raina, dubi mutumin da aka kora yana kukan waɗanda suka kore shi. Shekara bakwai ina ba 'yan'uwa wannan labari don su san ko wane ne shi.

Wata Lahadi da la'asar ya zo ɗakina a Ajame da kayan majami'a a jikinsa. Matata ta shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi, ya zauna a kan siminti kusa da ƙofa, ya cire hula. Ya ce ta ɗan fita da yara.

Ya ce, "Ɗan nan, saƙo biyu ne suka zo, ba ɗaya ba. Na farko wani direban albasa ya kawo. Ya ce uwarka na kwance, tana kiranka, tana kuma kirana. Na riƙe shi kwana tara. Da ka hau kamiyo ranar, da ka same ta da rai."

Na ce, "Mantawa ka yi?"

"A'a."

"Aiki ne ya yi yawa. Lokacin goro ne."

"Haka na faɗa wa kaina. Na kuma ce wataƙila zazzaɓi ne kawai. Duk ƙarya ce." Sannan ya ba ni labarin ƙwaryar. Ya ce, "Na so ta kira a ƙi amsa mata, kamar yadda na yi sallama aka ƙi amsa mini. Ramuwa ce. Na ɗauka na yafe mata tun da daɗewa, har na riƙe mata ɗa, ashe abin na nan a ciki. Da kai na rama, kai da ba ka fasa ƙwaryar kowa ba."

Ya ce a majami'arsu sau ɗaya a wata ana zagayawa da gurasa da ƙoƙo, suna kiransa jibin Ubangiji, kuma an gargaɗe su kada mai ɓoye wani abu tsakaninsa da ɗan'uwansa ya miƙa hannu. Shekara bakwai faranti na zuwa gabansa yana miƙa wa na kusa. Direban da ya kawo saƙon farko ya daɗe da mutuwa, babu wanda ya sani a duniya. Ya ce ya faɗa wa Allah tun a makon farko, amma ya gane faɗa wa Allah ya fi sauƙi, tun da Allah ba ya dubansa da idon ƙanwarsa.

Ni ba na iya zagaye magana. Na ce, "Da ka bar shi a cikinka ka mutu da shi. Da ina da uwa da ta rasu da kawu na kirki. Yanzu ka sauke kayanka a kaina, kai ka tafi ka ci gurasarka."

Ya ce, "Na yi wannan tunanin, shi ya hana ni zuwa shekara bakwai. Mai yiwuwa ma kana da gaskiya. Amma kullum kana durƙusawa kana gaishe da wani mutum da babu shi. Ina cin girman da ba nawa ba. Na riƙe saƙon uwarka don ramuwa. Ka yafe mini wannan."

Na kawar da kaina gefe. Ya jira, ya jira. Da ya ga an kira magariba ya sa hularsa ya ce, "Amsarka taka ce, ba zan ƙwace ta ba. Je ka yi salla."

Na bar mangazar goro a watan, na koma albasa. Aka yi ta tambayata, na ce ƙurar ganye ke sa ni tari. Shi kuwa duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Ni na yi masa laifi babba, in ya ga dama zai faɗa muku." Har wannan ma haushi ya ba ni.

Shekara shida. Ba mu yi gaba irin ta zage-zage ba, na gaji da yawa ban iya wannan ba. In mun haɗu wurin suna ko biki, ina gaishe shi a tsaye. Kowace babbar salla sai ya hau bas ya zo, ya zauna a ƙofar gida, yara su kai masa nama, ya ci, ya sa musu albarka, ya tafi. Bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Idonsa ya soma mutuwa, bai bar aiki ba, tun da hannu ke yi. Kasuwa ta lalace, kowa na kukan zamani ya yi tsanani, ni ma na sami abin fakewa: babu lokaci, babu sukuni. Matata ta ce, "Mutumin nan ya tsufa." Na ce na sani.

Ranar Talata da safe 'yarsa ta zo har wurin albasa. Taubashiyata ce, da can ba ma haɗuwa sai ta ce ina warin albasa kamar miyar gidan makoki, ni kuma in ce Hausarta ta ji ruwan teku. Ranar ba ta yi wasa ba. Ta ce, "Papa na kwance. Yana kiranka."

Na ce, "Sai an sauke kamiyon nan."

Ta dube ni, ta dubi kamiyon, ta ce, "Ba Maradi ba ne fa. Gada ɗaya ce." Ta juya.

An sauke kamiyon kafin azahar. Laraba wani ya zo. Alhamis na ce sai bayan Juma'a. Juma'a na idar da salla, na taka har Indeniye, na tsaya, bas biyu suka wuce ina kallonsu, na koma gida. Asabar da hantsi direba ya ja ni gefe.

Bayan binnewa da kwana takwas na je wurin Tanti. Na same ta tana ninke rigunansa, baƙi sun watse. Na durƙusa a bakin ƙofa, wurin da ya yi daidai da inda shi ya zauna a ɗakina. Na ce, "Tanti, duk abin da na yi, ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shekara talatin da biyar ina auren kawunka. A gidan nan ba a karɓar 'duk abin da'."

Na ce aiki ne ya riƙe ni.

Ta ce, "To, aiki ya zo ya roƙe ni."

Na daɗe a durƙushe har gwiwa ta soma ciwo. Ban taɓa sanin magana na da nauyi haka ba, buhun albasa bai kai ta ba. Na ce, "An faɗa mini yana kirana ranar Talata. Na ƙi zuwa da gangan. Na so ya kira a ƙi amsa masa, ya ji abin da Inna ta ji."

Sai ta ajiye rigar. Ta ce, "Ya sani. Kullum da safe sai ya ce, ya zo? Ranar Juma'a 'yarsa ta ce za ta je ta jawo ka da ƙarfi. Ya ce, ku bar shi, ni na koya masa."

Ta ɗauko wata 'yar wuƙa da yake ɓare goro da ita, ƙotarta ta sha hannu har ta yi baƙi, ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ya ce a ba ka. Ni kuwa ban yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba, ni na ji shi yana tambaya. Ka dawo Lahadi da la'asar, ka zo da yaran."

Na ce to. Amsarta tata ce. Lahadi uku ke nan ina zuwa.

Malamai su yi ta gardamarsu kan addu'ar da ta halatta a yi masa, ni na bar shi a hannun Wanda ya halicce shi, wanda ya san cikin kowa ba sai an ɓare ba. Ban koma addininsa ba, shi ma bai nemi haka ba. Abin da ya rage a hannuna amsa ce, ta kuma makara, amma zan ba da ita yadda yake so a ba da.

Kawu, ka riƙe saƙon Inna kwana tara don ramuwa, ta mutu tana kirana. Na yafe maka wannan.

Ni na riƙe naka kwana huɗu.